Motar Lantarki a Hanyar Zoza: Lissafin Caji, Rana da Nisan Tafiya

Motar lantarki ba ta da tanki, ba ta da salansa, ba ta shan fetur ko man gas. A ƙarƙashin kujerunta an shimfiɗa wani babban batir kamar katifa, wanda nauyinsa kan haura kilo 300, shi ne ke ba da ƙarfin da ke juya tayoyi. Babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu kuloci, babu canjin giya. Injin fetur yana ɓarnatar da mafi yawan ƙarfin man da ya sha ta hanyar zafi da hayaƙi, abin da ke kaiwa ga tayoyi bai cika wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Injin lantarki kuwa yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ja zuwa motsi. Ko birki aka taka, wani ɓangare na ƙarfin yana komawa cikin batir. Daga nan arhar tafiyarta ta samo asali.

Zancenta ya ƙara ƙarfi a Najeriya bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. A gari irin Zoza, cikin ƙaramar hukumar Rogo, inda mai babur kan dogara da ɗan bumburutu mai awo da kwalba a bakin hanya, kullum farashin ya ɗara na birni.

Lissafin kuɗin tafiya ba shi da wuya. Ƙaramar motar fetur mai lafiya tana shan kamar lita 8 a kilomita 100. Idan lita tana naira 1,000, an kashe 8,000 ke nan. Motar lantarki mai irin wannan girma tana cin yunit 15 zuwa 18 a wannan nisa, irin yunit ɗin da ake saya a zuba wa mita. Ko da an yi lissafi da farashi mafi tsada, wato naira 225 kan kowane yunit da aka yanka wa masu rukunin farko na wutar lantarki a Afrilun 2024, kuɗin ba zai wuce naira 4,000 da ɗan ɗori ba. Rabin kuɗin fetur ke nan, ga kuma ragin zuwa wajen bakanike.

Sai dai wannan lissafi yana tsaye ne a kan sharaɗi guda: a samu wutar. Masu biyan wancan farashi su ne waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, kuma yawancinsu suna unguwannin birni da wuraren masana'antu. Layukan karkara na KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, suna ƙananan rukuni: yunit ɗinsu ya fi arha, amma awoyin kaɗan ne, kuma idan taransifoma ta ƙone sai a daɗe ana jira. A Oktoban 2024 ma, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa sun yi fiye da mako guda cikin duhu.

Shi caji iri uku ne. Soket na gida yana ba da yunit 2 da ɗan kai a awa guda. Batirin Hyundai Kona, motar lantarkin da kamfanin Stallion ya haɗa a Legas aka ƙaddamar a Abuja a 2021, yana ɗaukar yunit 64, saboda haka cika shi daga ƙasa da soket zai ci kusan awa 30, idan ba a ɗauke wuta ba ko sau ɗaya. Na'urar caji da ake kafawa a bango tana gama aikin cikin awa 9 zuwa 10, dare guda ke nan, amma tana jan wutar da ba kowace wayar gida ce za ta iya ɗauka ba. Sai kuma caji mai sauri na tasha, wanda kan kai batir kashi 80 cikin kamar awa guda. Irin wannan a manyan birane ake samunsa, can ma ɗaiɗai.

Wani zai ce ai ga janareta. Ƙaramin janaretan fetur yana ba da kamar yunit 2 a kowace lita. Yunit 17 na tafiyar kilomita 100 za su lashe lita 8 ko 9, daidai abin da motar fetur za ta sha da an zuba mata kai tsaye. An gudu ba a tsira ba, ga ƙara ga hayaƙi, maƙwabta kuma ba su yi barci ba.

Abin da yankin Ƙaraye da Rogo yake da shi a wadace rana ce. Farantin sola mai wat 500 yana ba da kamar yunit 2 a yini idan an cire asara. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke yin kilomita 40 kullum, tsakanin Zoza da garin Rogo ko Zarewa ko Fulatan, yana buƙatar kamar yunit 7, wato faranti huɗu ko biyar. Wannan abu ne mai yiwuwa, tun da manoman rani sun riga sun fara sauya injin ban ruwa na fetur da na sola, masu shagon cajin waya ma haka. Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Rana tana aiki ne sa'ad da motar take waje, motar kuma tana dawowa gida sa'ad da rana ta faɗi. Ko dai a kafa farantan a wurin aiki inda motar ke yini a ajiye, ko a sayi wani batirin na gida da inbata don a tara wutar, wanda ke ninka kuɗin. Ƙurar hunturu ma tana rage ƙarfin faranti idan ba a goge shi a kai a kai.

Tafiya mai nisa lissafinta daban. An ce Kona tana yin kilomita 480 da caji guda, amma wannan awon gwaji ne a kan kwalta mai santsi. Idan aka kunna na'urar sanyi, aka cika mota da mutane, aka ɗora buhun masara biyu a but, nisan zai ragu sosai. Duk da haka, zuwa Kano da dawowa, a ce kilomita 200 ko sama da haka kaɗan, bai fi ƙarfinta ba. Wahalar tana ga washegari: mayar da yunit 35 ko 40 da aka ƙone aikin faranti kusan ashirin ne na yini guda. Direban haya mai Golf ko Sharon, wanda abincinsa ke cikin yawan sawu, ba zai iya ajiye mota tana jiran rana ba.

Hanya ma tana da nata hukunci. Batirin a rufe yake ruf, ruwan sama da ƙananan kududdufai ba sa yi masa komai. Abin tsoro shi ne dutse ko tudun burji ya daki ƙasan motar, ko a tsunduma ta cikin rafi da damina. Zafi kuma maƙiyin batir ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Kano ke haura digiri 40, batirin da ba shi da tsarin sanyaya kansa da ruwa yana saurin tsufa. Tsofaffin Nissan Leaf sun yi ƙaurin suna da wannan a wurare masu zafi irin Arizona ta Amurka, kuma irinsu ne suka fi arha a kasuwar motocin hannu. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batir, amma 'yar Kwatano takan iso bayan garantin ya ƙare ko ya kusa. Gyara kuwa ba na kowane gareji ba ne. Wutar da ke cikin batirin tana kai bolt 400, tana kisa nan take, kuma gano matsala sai da kwamfuta.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, shi ne ya jagoranci hukumar ƙera motoci ta ƙasa lokacin da ta buɗe tashar caji mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna da cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir. Abin lura a aikinsa shi ne motocin cikin gari ne, masu gajeren zango da ke komawa wuri ɗaya su yi caji. A wajen Najeriya kuwa, Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024, amma ita tana da manyan madatsun ruwa da ke ba ta wuta mai arha.

A Zoza, ƙafa biyu da ƙafa uku ne suka fi kusa da shiga wannan tsari, domin su ne motar yau da kullum. Babur ɗin lantarki yana cin yunit 3 zuwa 5 a kilomita 100, abin da faranti biyu ko uku za su biya. Batirinsa ana iya ciro shi a ɗauka da hannu, shi ya sa kamfanoni irin su Spiro suka kafa wuraren musaya a wasu biranen Afirka, inda ɗan acaɓa ke ba da wanda ya ƙare ya karɓi cikakke cikin 'yan mintuna. Mai shagon cajin waya da ke da sola a rufinsa ya riga ya san rabin wannan sana'a.

Wanda ya yi niyyar sayen motar kanta, ya fara ƙidaya kilomitan da yake yi a mako da awoyin da wuta ke zama a layinsa. Idan ta hannu ce, kada ya biya ko sisi sai an jona kwamfuta an nuna masa kashi nawa ya rage na lafiyar batirin.