Idan Kwastoma Ya Daina Zuwa: Hira Da Masu Horar Da Motsa Jiki

Shirinmu na yau na kocin motsa jiki ne mai zaman kansa, wanda ba shi da albashi sai abin da kwastoma ya biya. Ka wayi gari mutum ya daina zuwa, ka kira bai ɗauka ba. To, me za ka yi?

Da farko ka san dalili, don ba kowace tafiya ba ce laifinka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, kuma idan aljihu ya matse, kuɗin koci ne ake fara yankewa. Akwai kuma lokuta: azumi, sanyin hunturu da ke hana fitowar asuba, da amaryar da ta zo rage ƙiba saboda biki, ana gama biki shi ke nan.

Amma fa wani lokacin daga gare ka ne. Idan ka yi wa mutum alkawarin tumbinsa zai tafi cikin sati biyu, kai ka kore shi da bakinka. Ragin da masana lafiya ke ba da shawara shi ne rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Faɗa masa haka tun ranar farko. Sannan idan yana atisaye kai kana latse-latsen waya, wallahi yana lura.

Abu na biyu, ka tambaye shi sau ɗaya, cikin mutunci: "Yallaɓai, kwana biyu, lafiya dai? Ko akwai abin da zan gyara?" Ban da roƙo, ban da habaici a WhatsApp. Wanda kuka rabu lafiya yakan dawo, ko ya turo maka wani.

Na uku, ka zauna ka yi lissafi. A ce mutum 10 kake horarwa, kowa na biyan naira 20,000 a wata. Uku suka tafi, ka sauko daga 200,000 zuwa 140,000. Kar tsoro ya sa ka karya farashi, don sauran za su ji labari, su ma su nemi ragi. Maimakon haka ka buɗe ajin haɗaka: mutum 5, kowa 6,000. Ka ga 30,000 ke nan a lokacin da da mutum ɗaya kake ba wa. Wanda ya tafi saboda kuɗi ma, ka samar masa hanyar dawowa.

Na huɗu, ka shirya tun kafin lokacin ya zo. Azumi ba ya zuwa ba-zata. Ka mayar da atisaye bayan tarawihi, ka sassauta shi, kuma a watannin da kasuwa ke ci ka riƙa ware wani abu. Idan rabin kuɗinka daga mutum biyu yake fitowa, ka fara neman ƙari tun yau.

Ku faɗa mana, mene ne ya fi kore muku kwastoma? Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.