BABI NA BIYU: GARIN KURA, YANAYIN ƘASA DA TATTALIN ARZIKI DA TSARIN MULKI

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan garin Kura ta fuskar yanayin ƙasarsa da sana'o'in mutanensa da hanyoyinsa da kuma tsarin mulkinsa. Yin haka zai taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa rayuwar garin ta rataya a kan ruwan noman rani.

2.1 Yanayin Ƙasa

Kura hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Kano, tana kudu maso yamma da birnin Kano a kan hanyar Zariya, tazarar kimanin kilomita 30. Ƙaramar hukumar ta yi iyaka da Kumbotso da Madobi da Garun Malam da Bunkure da Dawakin Kudu. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 140,000. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da manyan duwatsu. Damina kan sauka a watan Mayu ko Yuni, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, daga nan sai sanyin hunturu wanda alkama da tumatir suke so.

2.2 Tattalin Arziki

Tun kafin zuwan Turawa Kura ta yi suna wajen rini da bugu. Turkuɗin da ake yi a garin fatake kan kai shi har ƙasar Azbin, inda Buzaye ke yin rawani da shi. Sai dai sana'ar ta ja baya, noma kuma ya zama ƙashin bayan arzikin garin.

Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta kammala a 1974. Daga nan ake sako ruwa ta babbar hanyar ruwa zuwa gonakin Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da aka kafa a 1976, take kula da shi. Saboda haka manomi kan noma shinkafa da damina, da rani kuma ya shuka alkama ko tumatir ko albasa. Shinkafar ta haifar da wasu sana'o'in, kamar turara ta da mata ke yi a gida, da casa a injina, da dillanci, da dako.

Duk da haka akwai matsaloli. Ciyawar kachala da yashi kan toshe hanyoyin ruwa, ta yadda manoman da ke ƙarshen layi ba sa samun isasshen ruwa. Haka kuma tumatir kan nuna a lokaci guda, farashi ya karye, a yi asara saboda rashin wurin adanawa. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki masu yawa a wannan yanki.

2.3 Hanyoyi

Babbar hanyar Kano zuwa Zariya ita ce ta haɗa Kura da kasuwannin Kano da Kaduna da kudancin ƙasar nan. An fara aikin sake gina ta a 2018. Amma yawancin hanyoyin da ke shiga ƙauyuka na burji ne, kuma da damina sukan lalace. Wannan kan ƙara kuɗin fito da kaya daga gona, ya rage wa manomi riba.

2.4 Tsarin Mulki

Mulkin Kura kashi biyu ne. Na gargajiya ya ƙunshi hakimi da dagatai da masu unguwanni, waɗanda ke sasanta rikicin gona da na iyaka. Na zamani kuwa ya samo asali daga gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, inda ake da shugaba da kansiloli masu wakiltar mazaɓu irin su Ƙarfi da Gundutse da Ɗanhassan da Kosawa. Nauyin kula da kasuwanni da ƙananan hanyoyi da ɗakunan shan magani yana wuyan ƙaramar hukuma. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya.

2.5 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa arzikin Kura ya dogara ne a kan ruwan Tiga da hanyar Zariya. Idan aka yashe hanyoyin ruwa, aka kuma gyara hanyoyin ƙauyuka, manomi zai ci moriyar wahalarsa. Babi na gaba zai duba kalmomin da manoman yankin ke amfani da su a harkar noman rani.