Yadda annobar korona ta shafi horar da likitocin tiyata

Aikin tiyata dai sana'ar hannu ce. Komai zurfin karatun likita, ba a ba shi shaidar ƙwarewa sai ya shafe shekaru yana aiki a gaban babban likita, ana kuma rubuta kowace tiyata da ya yi a wani kundi. A Amurka, alal misali, ana buƙatar mai neman ƙwarewa a tiyata ta gama-gari ya yi manyan ayyuka aƙalla 850 cikin shekaru biyar.

Wannan tsari ne annobar korona ta katse a shekarar 2020.

A ranar 17 ga watan Maris na shekarar, hukumar kiwon lafiya ta Ingila, wato NHS, ta umarci asibitoci da su ɗage duk tiyatar da ba ta gaggawa ba na aƙalla watanni uku, daga 15 ga Afrilu. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Birmingham sun ƙiyasta cewa za a ɗage ayyukan tiyata kimanin miliyan 28 a duniya cikin makonni 12 da cutar ta fi ƙamari.

Matsalar ita ce, a irin waɗannan ayyuka da ake tsarawa a tsanake ne, kamar aikin ƙaba ko cire maɗaciya, ake bai wa mai koyo wuƙa. 'Yan ayyukan da suka rage kuwa, galibi manyan likitoci ne suka riƙa yinsu da kansu, domin a gama da sauri, a rage jama'a a ɗakin tiyata, a kuma tattala kayan kariya da suka yi ƙaranci. Masu koyo da dama an tura su sashen majinyatan da ke cikin mawuyacin hali.

An koma darussa ta intanet da na'urorin kwaikwayon tiyata. Sun taimaka, amma bidiyo ba ya koya wa hannu yadda ake tsayar da jini idan jijiya ta ɓalle.

A Birtaniya sai da hukumomi suka ƙirƙiro wani sakamako na musamman, mai nuna cewa jinkirin ba laifin mai koyo ba ne, aka kuma tsawaita wa wasu lokacin horo.

Sai dai lafawar annobar ba ta kawo ƙarshen matsalar nan take ba. A watan Satumban 2023, jerin jiran magani a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7 da dubu 700. Asibitin da aka matsa wa ya rage wannan layi yana son sauri ne, alhali tiyatar da ake koyarwa a cikinta ta fi ɗaukar lokaci.