Bayan Aure Ya Mutu, Wa Zai Biya Kuɗin Jarrabawa?

A ranar da alƙali ya raba aure, sau da yawa yakan yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa kowane wata domin ci da shan 'ya'yansa. Amma rainon ɗa bai tsaya ga tuwo ba. Ana nan sai makaranta ta aiko da takardar kuɗin jarrabawa, ko zazzaɓi ya kwantar da yaro a asibiti, ko Salla ta ƙarato babu ɗinki. Uwa ta aika wa uban sau ɗaya, sau biyu, shiru kamar an shuka dusa. Daga nan sai ta sayar da akuya ko ɗan kunne ta biya, ta haɗiye baƙin cikinta.

Ko da yake gwamnati ta fito da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, ta kuma kafa dokar ilmin bai-ɗaya a 2004, kayan makaranta da littattafai da kuɗin mota suna nan a wuyan iyaye. A kan irin waɗannan ne rigima ta fi tashi, domin ba safai akan ambace su a gaban alƙali ba.

Bisa mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na ƙasar Hausa ke bi, riƙon yaro na uwa ne, ɗawainiyarsa kuwa ta uba ce gwargwadon ƙarfinsa. Nauyin ɗa namiji yana kansa har ya balaga da ikon neman na kansa, na 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji.

Sai dai akwai wani hukunci a Muhtasar na Halilu wanda mata da yawa ba su sani ba. Ciyarwar ɗa takan faɗi da shuɗewar lokaci, sai fa in alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuwa wanda ya kashe kuɗin bai yi da niyyar kyauta ba. Ke nan uwar da ta shekara biyar tana biya cikin kawaici tana iya wayar gari da wahalar tabbatar da cewa bashi ne.

Saboda haka abin da ya kamata shi ne ta sanar da uban tun kafin ta biya, ta bakin waliyyinta ko wani dattijo daga danginsa, a gaban shaidu. Ta faɗa a fili cewa rance ne, ta kuma adana rasit. In ya ƙi kulawa, akwai mai unguwa, akwai Hukumar Hisba, wadda a Kano aka kafa ta da doka a 2003, tana kuma sasanta irin wannan. In duk ya faskara, ta koma kotu ta roƙi a rubuta kuɗin makaranta da na magani a cikin hukunci.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani uban yakan ɗauke kai ne don ba a shawarce shi ba kafin a sa yaro a makaranta mai tsada, ko don an hana shi ganin ɗansa. Shawara kafin kashe kuɗi tana toshe wannan kafa.

Amma ma'aikacin da ke karɓar albashi kowane ƙarshen wata ba shi da hujjar yin shiru. Sakin uwa aka yi, ba a saki ɗa ba, kuma yaron da aka koro daga aji ba zai manta da wanda ya ƙi amsa saƙo ba.