Kiwon Mesa A Ɗaki: Akwati Da Na'urorin Da Ya Kamata A Tanada Kafin A Kawo Ta

A TikTok da Instagram, bidiyon matasa masu rataye da ƙaramar mesa a wuya na samun kallo sosai. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne akwatin da take kwana a ciki da na'urorin da ke riƙe da ranta. Maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar kyanwa ko zomo, zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. Saboda haka kuskuren digiri kaɗan kan hana mesa narka abinci, ya jawo mata ciwon huhu, ko ya ƙona mata ciki.

Wace mesa ake magana?

Wadda masu kiwo suka fi ba sabon shiga shawara a kai ita ce wadda Turawa ke kira ball python, saboda yadda take dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Asalinta daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, kuma Ghana da Togo da Benin su ne kan gaba wajen fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Ba ta da dafi. Tana ƙyanƙyashewa da tsawon santimita 25 zuwa 40, idan ta girma kuma takan kai mita 1 zuwa 1.5.

Kada a haɗa ta da babbar mesar daji da aka sani a ƙasar Hausa, wadda kan wuce mita 4 kuma take iya haɗiye akuya. Wannan ba ta sabon shiga ba ce, ko da ta zo tana 'yar ƙarama.

Akwai kuma batun shekaru. Ƙaramar mesa kan rayu shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. A 2020 wata mai kimanin shekara 62 ta yi ƙwai a gidan namun dajin St. Louis da ke Amurka. Wanda ya saye ta yana aji ɗaya a jami'a zai iya aurar da 'yarsa tana nan da ranta.

Akwatin

Jaririyar mesa ba ta son fili. A daji tana wuni a cikin ramin ɓera ko suri, sai dare ta fito. Idan aka saka ta a babban akwatin gilashi babu maɓuya, tsoro kan hana ta cin abinci. Don haka akwatin roba mai tsawon kusan santimita 60, wanda aka huda wa ƙananan ramukan shan iska, ya ishe ta a watannin farko. Idan ta girma za ta buƙaci mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60.

A cikinsa ana buƙatar maɓuya biyu masu matse jiki, ɗaya a ɓangaren ɗumi, ɗaya a ɓangaren sanyi. Ƙaramin kasko ko ƙwarya da aka kife aka yanke wa ƙofa ya wadatar. Sai kwanon ruwa mai nauyi wanda ba za ta kifar ba. A shimfiɗa takarda a makonnin farko domin a iya ganin kashinta da ƙananan ƙwarin da kan maƙale wa macizai, daga baya a koma ɓawon kwakwa. A guji garin katakon masu aikin kafinta, domin wasu itatuwan na da man da ke cutar da numfashinta.

Murfi kuwa dole ya zama mai makulli. Mesa na da ƙarfin ture murfin da aka ɗora kawai. A gidan haya ko gidan gandu, mesar da ta kuɓuce ba ta da tabbacin kwana da rai, kuma mai ita zai sha bayani wajen maƙwabta.

Na'urori huɗu da ba a wasa da su

Manufar ita ce akwatin ya kasance da yanayi biyu: ɓangaren ɗumi a digiri 31 zuwa 33, ɓangaren sanyi a 24 zuwa 27, danshin iska kuma kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari.

Ta farko ita ce tabarmar ɗumi ta lantarki. Ana sa ta daga waje, a ƙarƙashin kashi ɗaya bisa uku na akwatin kawai, domin mesar ta samu inda za ta kauce wa zafin.

Ta biyu ita ce tamostat, wato na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai inda aka saita. Tabarmar da aka jona kai tsaye a soket kan wuce digiri 40, kuma maciji na iya kwanciya a kanta har fatar cikinsa ta ƙone bai motsa ba. Kan wayar da ke jin zafin ana manna shi ne a kan tabarmar, ba a bar shi yana lilo a iska ba.

Ta uku ita ce ma'aunin zafi da danshi na dijital. Kamfanoni irin su Xiaomi da Govee da SwitchBot na yin ƙanana masu aiki da batir, waɗanda ke tura bayanai zuwa waya ta Bluetooth, wasunsu kuma na aiko da gargaɗi idan an wuce iyaka. Amfaninsu babba shi ne jadawalin da manhajar ke ajiyewa, wanda ke nuna yadda akwatin ya kasance da ƙarfe uku na dare lokacin da kowa ke barci. Guda biyu ake so, kowane ɓangare da nasa.

Ta huɗu ita ce bindigar auna zafi, mai kama da wadda aka riƙa saita wa mutane a goshi lokacin korona. Sai dai a nemi wadda ke auna zafin abubuwa, domin da ita ake duba ainihin wurin da mesar ke kwanciya.

Kyamarar Wi-Fi mai gani da dare ƙari ce mai amfani, tunda tana rage yawan buɗe akwati. Soket mai haɗuwa da waya kuwa ba ya maye gurbin tamostat. Idan intanet ta ɗauke, umarni ba zai isa gare shi ba.

Shawarar YouTube da yanayin Arewa

Yawancin bidiyon koyarwa an yi su ne a ƙasashe masu sanyi, inda babbar damuwa ita ce ɗumama akwati. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi lissafin ya bambanta. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma ɗaki mai rufin kwano kan zama tanda. Tamostat na kashe tabarma ne kawai, ba ya sanyaya komai, alhali zafin da ya daɗe sama da digiri 35 na iya kashe mesa. A irin wannan lokaci a ajiye akwatin a ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga.

Da hunturu kuma matsala biyu ce: sanyin dare da bushewar iska, inda danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20. Wannan ne ke sa saɓa ta maƙale, musamman a ido da ƙarshen jela. Maganin shi ne babban kwanon ruwa, jiƙa ɓawon kwakwar kaɗan, da ɗaga danshin zuwa kusan kashi 70 idan idanunta suka yi hazo, alamar saɓa ta kusa. Tabarmar ƙaramin akwati ba ta cika wuce wat 20 ba, don haka ƙaramar inbata ko sola za ta riƙe ta idan an ɗauke wuta.

Kafin a biya kuɗi

A haɗa akwatin a bar shi yana aiki na kwana uku zuwa mako guda babu komai a ciki, ana bin jadawalin a waya. Idan mesar ta zo, a ƙyale ta mako ɗaya ko biyu ba a ɗauke ta ba. Abincinta ƙaramin ɓera ne duk kwana 5 zuwa 7, wanda kaurinsa bai wuce na tsakiyar jikinta ba. Ɓeran gida haɗari ne, domin mai yiwuwa ya ci guba. Bayan ta ci, a bar ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, kuma a wanke hannu da sabulu duk bayan an taɓa ta saboda ƙwayar salmonela.

Wannan mesa na cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, kuma a Najeriya hukumar NESREA ce ke bibiyar dokokin cinikin namun daji. Wadda aka kamo daga daji kan zo da tsutsar ciki da kaska, kuma takan ƙi cin abinci. Mai saye ya tambayi inda aka ƙyanƙyashe ta, ya nemi sanin sau nawa ta ci abinci, sannan ya tabbatar akwai likitan dabbobi a garinsu da zai yarda ya duba maciji. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai samu ba, gara akwatin ya ci gaba da zama babu kowa.