Fada Columba da Littattafan Timbuktu

Columba Stewart limamin Katolika ne, farfesan ilimin addinin Kirista a jihar Minnesota ta Amurka. Tun 2003 yake shugabantar ɗakin karatu na HMML, mai ɗaukar hoton tsofaffin littattafan rubutun hannu yana adanawa a kwamfuta.

Da 'yan tawaye suka mamaye Timbuktu a 2012, wani mai kula da littattafai a garin, Abdel Kader Haidara, ya kwashe dubban littattafai a akwatunan ƙarfe zuwa Bamako. Can HMML ta kai kyamarori, 'yan Mali suka riƙa ɗauka shafi-shafi.

A Kazaure da Roni ma akwai gafakokin malamai cike da fiƙihu da waƙoƙin ajami, gara na cin gefensu. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure za su iya wannan aiki, muddin aka haɗa su da malaman zaure masu iya karanta rubutun.