Gyaran Ƙwayoyin Gado: Ilimin da Ake Bukata da Guraben Aikinsa, Bisa Duba ga Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Gyaran ƙwayoyin gado shi ne a nufi wani gurbi takamaimai a cikin ƙwayar gadon halitta a yanke shi ko a sauya shi, ba lallai sai an shigo da ƙwayar wata halitta daban ba. Mafi shaharar hanyoyinsa ita ce CRISPR, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a shekarar 2012.

Ga manomin Ƙaraye da Rogo, wannan ilimi ya taɓo tsohon abokin gabarsa, wato ƙuduji, wanda ke maƙale wa saiwar dawa da masara yana tsotsarsu tun kafin ya ɓullo. Abin mamakin shi ne, saiwar dawar ce da kanta ke fitar da sinadarin da ke tayar da irin ƙudujin. Don haka masu bincike a Jami'ar Kenyatta ta ƙasar Kenya suka duƙufa ga gyara ƙwayar gadon da ke sarrafa wannan sinadari.

Mai neman shiga fagen na bukatar ilimin ƙwayoyin halitta, da iya renon tsiro a ɗakin bincike, da ƙididdiga, da sarrafa bayanai a kwamfuta, galibi har zuwa digiri na biyu ko na uku. Ƙofofin da suka fi kusa su ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Jami'ar Bayero, da ofisoshin IITA da ICRISAT da ke Kano. Guraben ba su da yawa. Sai dai kowane sabon iri sai an gwada shi a gona, kuma a nan ɗan manomi, wanda ya san ƙasa da yanayin damina, yake da fifikon da ba a koyarwa a aji.

Akwai kuma gurbin da ya dace da ɗalibin Shari'a. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da aka gina bisa CRISPR, a 2024 kuma Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jinin gado. Tambayoyi za su ƙaru ke nan a gaban malamai da alƙalai. Majalisun fiƙihu na zamani sun bambance tsakanin gyaran jikin majiyyaci don magani, wanda suka halatta bisa sharuɗɗa, da taɓa maniyyi ko ƙwan haihuwa, inda sauyin zai bi zuriya; a nan suka tsananta saboda kiyaye nasaba. Hukunci kuwa ba ya inganta sai an fahimci haƙiƙanin abin da ake yi wa hukuncin. Kwamitocin ɗa'ar bincike na asibitoci da jami'o'i, da hukumar NBMA, wadda ta fitar da ƙa'idojin gyaran ƙwayoyin gado a 2020, duk wurare ne da mai haɗa usulul fiƙihi da ilimin halittu zai yi amfani.